Awa Huɗu Zuwa Hartum

A Gyadi-Gyadi, in ka bar titin Zariya ka shiga lungun hannun hagu, akwai wani zaure da ƙasansa ba ya bushewa ko da bazara. Nan Inuwa mai ɗaurin goro ya zauna tun shekarar da gwamnatin Gana ta kori baƙi, ya baro Kumasi da matarsa Ladi da ɗan abin da suka iya ɗauka. A lokacin unguwar ba ta cika ba. Daga bakin zauren ana hango gonakin Tarauni, kuma da damina dawa kan tsaya har jikin katangar gidajen ƙarshe.

Inuwa ba ya sayen goro, ba ya sayarwa. Aikinsa ɗauri. Fatake su kawo masa kaya daga kasuwa, ya zube a tabarma, ya tsince wanda tsutsa ta huda, ya shimfiɗa ganyen fita, wato faffaɗan ganyen nan da ake kawowa daga kurmi don naɗe goro, ya jera, ya rufe, ya ja igiya har huhun ya tsaya da kansa. Kafin ya taɓa ko ƙwaya ɗaya, tambayarsa ga kowa ita ce, “Ina za shi?” Ba son jin ƙwaƙwaf ba ne. Goron da za a raba gobe a wajen suna, wanke shi ake yi, a bar shi da laimarsa, a rufe shi ruf don ya isa yana sheƙi. Wanda zai yi nisa kuwa, sai an shanya shi a inuwa ya tsane, a yi masa ganye riɓi-riɓi, a bar masa ƙofar shan iska, sannan a hanya a riƙa kwance shi ana sauya ganyen, ana cire wanda ya fara lalacewa kafin ya shafi na kusa da shi. Saboda haka Inuwa bai san nisan garuruwa da mil ba. Abin da ya sani, Damagaram ba a kwancewa, Agadas kuwa sai an kwance.

A gidansu ya koyi aikin, a Madabo cikin birni, amma ba a hannun ubansa ba. Malam Garba kullum yana hanyar Gwanja da jakuna, fataucin goro. Yayarsa Hauwa ce ke zama da shi a tsakar gida bayan rasuwar uwarsu, tana buge masa hannu in ya jera goro baki da baki. Yana ɗan shekara goma ta bi mijinta aikin hajji da ƙafa, kamar yadda ake yi a zamanin. An ji labarinsu a ƙasar Wadai, daga baya aka ji suna noman auduga a Sudan don su sami kuɗin ƙetare teku. Daga nan shiru. Inuwa ya girma, ya yi Shagamu, ya yi Kumasi, ya yi furfura, kuma in yana addu’a ga mamatan gidansu yakan ɗan tsaya a sunanta, bai san ko ya sa ta ciki ba.

A shekarar 1975 maganarta ta dawo ta bakin Alhaji Bello, wani Bazazzage mazaunin Tarauni da ke kai huluna Sudan ta jirgin sama yana sayo turare. Bayan la’asar ya zo zauren, ya zauna a kan huhun wani ba tare da an ba shi izini ba.

“Tashi daga kan dukiyar mutane, Bazazzage.”

“Bakano, yau ni za ka yi wa ladabi. Ɗan Garba na Madabo, ba kai ba ne?”

Inuwa ya ajiye igiya.

Bello ya ce a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi, kudu da Hartum, wata tsohuwa ta ji ana cewa ga baƙo daga Kano, ta sa aka kira shi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Makka ba su taɓa isa ba, tana zaune wajen jikokinta, idonta ya yi rauni. Ta lissafa masa mutanen gidansu, ya ce shi dai ya san wani Inuwa mai ɗaurin goro mai baƙin rowa a Gyadi-Gyadi.

“Sai ta ce mene?”

“Ta ce, ‘In shi ne, ka ce masa ban ce ya aiko da zane ba. Goro nake so, wanda in an ɓara za a ji ƙararsa. Na ƙasar nan kafin ya iso mu sai ka ce ana tauna takalmi.’”

Inuwa ya yi tambayar da ya saba. “Kwana nawa ne a hanya?”

“Wane kwana? Jirgi ne fa. Ka tambayi maƙwabcinka, shi ke sayar mana da tikiti.”

Maƙwabcin shi ne Jude, wanda ke haya a gida na uku. A Sabon Gari aka haife shi, rikici ya kai shi gabas, bayan yaƙin basasa ya dawo ya sami aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi, kuma Hausarsa ta fi ta Ladi Kananci. A ɗakinsa akwai kalanda mai taswirar duniya, an ja jajayen layuka daga Kano sun bazu kamar saƙar gizo-gizo. Ya ciro ta ya shimfiɗa a ƙofar gida.

“Hartum? Awa huɗu ma ba ta cika ba, Baba.”

“Kwana huɗu dai.”

“Awa. Ka karya kumallo a gidanka, ka yi azahar a can. Agogonsu ma ya riga namu da awa ɗaya.”

“Jidda fa?”

“Kusan biyar.”

“Ingila?”

“Landan shida.”

“Tsakanin Makka da Ingila awa ɗaya ke nan?”

Jude ya yi dariya, ya nuna masa ba hanya ɗaya ba ce, wannan gabas, wannan arewa. Inuwa ya bi layin Hartum da yatsa. Bai kai tsawon ɗan alinsa ba. A kan wannan ɗan layin yayarsa ta yi shekaru.

“To motar goro daga Shagamu kwana take yi a hanya, wani lokaci biyu. Wato Hartum ta fi Shagamu kusa.”

“A sama, haka ne.”

Inuwa ya tashi da wannan a ransa. Abin ya ba shi sha’awa ƙwarai, har ya yi kwanaki yana gaya wa fatake cewa yanzu Sudan ta fi Nguru kusa. Lissafinsa bai da wuya: tafiyar da ba ta kai wuni ba, ɗaurin suna ake yi mata. Ya je kasuwa da kansa ya zaɓo farin marsa, manyan nan masu cika tafin hannu. Ranar da Bello zai tashi, ya wanke shi da asuba, ya naɗe shi da ganye falle ɗaya yana ɗigar ruwa, ya sa a leda ya ƙulle bakin tam. Yana so Hauwa ta buɗe ta ji shi da sanyinsa, kamar yanzu aka ciro daga ƙwarya.

Ladi tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗago kai. “Malam, leda? Kai da kake cewa leda kabarin goro ce?”

“Ga wanda zai kwana. Wannan ba zai kwana ba.”

Bello ma ya ji daɗin ƙullin. “Yauwa. Da ka yi mini ƙaton huhun nan naku, da a sikeli zan bar maka shi.”

Sai bayan wata biyu Bello ya dawo. Wannan karon bai zauna a kan huhun kowa ba. Ya ce ranar da suka je filin jirgi, jirgin bai zo ba. Washegari ma haka. Da ya zo, gaskiya ne, kafin ya gama jan carbinsa ya yi ɗan gyangyaɗi sun sauka. Amma yana da masu karɓar huluna a Omdurman, garin da ke ƙetaren kogi daga Hartum, sai da ya sallame su, ya bi masu turare, ƙullin na ƙasan akwati a ɗakin da ko kwano ka taɓa sai ya ƙona ka. Bayan nan ya jira babbar motar da ke zuwa ƙauyen, wadda ba ta tashi sai ta cika.

“Ba ka buɗe shi ba?”

“Ka ce mini in buɗe? Ni turare na sani.”

A gaban tsohuwar aka kwance ledar. Jikokin suka toshe hanci. Goron ya dahu a cikin ruwansa, ya yi baƙi, yana yauƙi. Hauwa ta sa hannu ta lalube shi ɗaya bayan ɗaya, ko za ta sami mai rai, ba ta samu ba.

“Ta yi faɗa?”

“Da ta yi faɗa ai da sauƙi. Cewa ta yi, ‘Wa ya ɗaure wannan?’ Na ce ƙanenki. Ta ce, ‘A’a. Ni na koya wa Inuwa. Wannan wani ne mai sunansa, ka yi kuskure, ɗan nan. Nawa ya rasu ke nan.’ Ta sa aka ba ni shayi, ta yi mini godiyar wahala. Da zan taho na ji ta sa a yi maka sadaka ranar Juma’a.”

Inuwa ya ƙarasa huhun da ke gabansa, wanda za shi Gumel, ya ja igiyar fiye da yadda ya kamata har ta tsinke.

Da yamma ya sami Jude yana wanke babur.

“Ka ce mini awa huɗu.”

“Awa huɗun ne, Baba. Alhaji ya ce ta wuce haka?”

“Bai ce ba.”

“Jirgi ka tambaye ni, na faɗa maka jirgi.”

Inuwa ya ga babu inda yaron ya yi ƙarya. Shi da ya yi shekara arba’in yana tambayar fatake inda za su yada zango da wanda zai kula da kaya, bai yi wa Bello ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba, saboda an ce masa jirgi. Ya tsuguna kusa da babur ɗin.

“To jiran fa? Awa nawa ne?”

“Wannan ba ya cikin kalanda.”

Ya yi tunanin sake aikawa da ɗaurin nesa. Amma ɗaurin nesa yana bukatar mai kwance shi a hanya, kuma ya riga ya ga iyakar Bello. Ya yi tunanin aika wasiƙa, ya tuna matar ba takarda ta nema ba, kuma kowa na iya sa a rubuta masa cewa shi ɗan Garba ne. Ana cikin damina ya gaya wa Ladi zai sayar da filin da ya saya a Unguwa Uku, wanda suke sa ran ginawa su bar haya.

Ladi ta ci gaba da tsinar shinkafa. Can ta ce, “Filin zai tafi saboda goro.”

“An yi mini sadakar mamaci, Ladi, ina zaune.”

“Na ji. Ban ce kada ka je ba. Cewa na yi filin zai tafi.” Ta watsar da tsakuwar da ke hannunta. “In ka je ka sayo mini turaren wutan nan nasu. Na gaske, ba irin wanda Alhaji ke haɗawa a Tarauni ba.”

Jude ne ya yi ta yawo da shi wajen hoto da fasfo da allurar rigakafi. Da kaka ta yi, sabon goro ya shigo, amma Inuwa bai saye shi ba, don sabo ba ya jure zafi. Ya nemo daushe, na bara da aka adana da kyau, ya shanya a inuwar zaure har ya tsane. Ya yi ɗan huhu, wanda mutum zai iya runguma, ya ɗaure shi irin ɗaurin da ake yi wa ayarin jakuna. Ya naɗe ganyen sauyi daban a cikin jiƙaƙƙen buhu. A filin jirgi, ranar da za su tafi tare da Bello, sikeli ya nuna kayansa sun yi nauyi. Ya ciro babbar rigarsa ta biyu da bargo ya miƙa wa Ladi da ta rako shi, ya bar ganyen.

“Bakano zai je gaban surukai da riga ɗaya,” in ji Bello.

“Ba ni aka gayyata ba. Goron aka gayyata.”

Wannan karon ma jirgin bai zo ranar da aka ce ba. Inuwa bai damu ba. Da safe ya sami inuwar darbejiya a bayan wurin ajiye motoci, ya kwance huhun, ya juya goron, ya yayyafa wa ganyen ruwa da yatsu. Matafiyan da suka gaji da zama suka kewaye shi, wani ma ya ciro kuɗi, Inuwa ya ce ba na sayarwa ba ne.

Da suka shiga jirgin, ya ƙi yarda a sa huhun a sama, ya ɗora shi a cinya. Sanyin ciki ya burge shi, ya ce wa Bello da za a sami zaure mai irin wannan iska da goro ya shekara biyu. Ya leƙa ta taga yana neman hanyar da Hauwa ta bi. Da farko ya ga gonaki da rufin kwano, daga baya ƙasa ja shimfiɗe, ba gari ba rijiya ba itace, ko kuwa akwai su amma ba a ganinsu daga nan. Ya so ya tambayi inda Wadai take, Bello ya yi barci. Aka kawo abinci a ɗan faranti, ya ci burodin ya bar sauran. Yana cikin tunanin abin da zai fara ce mata aka ce kowa ya ɗaura ɗamara, za a sauka. Bai gama shirya maganar ba.

Sauran tafiyar ita ce irin wadda ya sani. A Omdurman ya kwance huhun a ɗakin da na farko ya mutu, ya cire ƙwaya biyu da suka fara laushi, ya rataye shi kusa da randa. Ya jira Bello ya gama da masu huluna. A bayan babbar mota ya lulluɓe shi da rawaninsa, shi ya zauna rana na dukan kansa. Ganyen sauyi na ƙarshe a bakin kogi ya sa shi.

Ya sami Hauwa zaune a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, ƙanƙanuwa, lulluɓe da farin mayafi irin na matan ƙasar. A ransa doguwa ce mai ƙarfin hannu. Ya yi sallama, ta amsa, rabin gaisuwar da Larabci.

“Yaya, ni ne Inuwa.”

“Wancan ma haka aka ce.”

Ya ɗora mata huhun a cinya. Ta shafa shi daga sama zuwa ƙasa, ta sa yatsa a ƙofar iskar, ta bi igiyar har ta sami ƙullin, ta ja bakinsa ɗaya ya warware. Ta ɗaga ganyen falle-falle, tana shinshinawa. Ta laluba jerin farko.

“Wannan baki da baki ka sa su.”

“Motar ce ta girgiza su, Yaya.”

“Kullum da abin da za ka ce.” Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da kunne ta ɓara. Jikokin da ke tsaye duk suka ji ƙarar. Ta riƙe ɓarin biyu a hannu. Sannan ta ce, “To wa ya yi wancan ƙazantar a leda?”

“Ni ne. An ce mini awa huɗu ce.”

“Mece ce awa huɗu?”

“Daga Kano zuwa nan.”

Ta juyo da fuska wajen muryarsa. “Inuwa, har yanzu kome aka gaya maka sai ka yarda?”

Sai a lokacin ya lura ba ta kai goron baki ba. Babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Ya yi wata da watanni yana tunanin ganye da ruwa da iska, bai tuna ya sayo magogi ba, ɗan ƙarfen nan mai huji-huji da tsofaffi ke goga goro a kai, wanda a Kano ko a teburin mai ashana akwai shi. Ya sa aka nemo masa gwangwanin kifi da ƙusa da dutse. Ya zauna a ƙasa kusa da gadon ya huda marfin, ya goga mata ɓari ɗaya a tafin hannunta. Ta zuba a baki, ta rufe ido, tana juya shi da harshe.

“Ba na Gwanja ba ne.”

“Na Shagamu ne. An daina zuwa Gwanja.”

“Na ji a bakina.” Ta miƙo hannu. “Ƙaro.”

Ya yi mako biyu a ƙauyen. Kowace safiya shi ke goga mata, ita kuma tana tambayarsa mutanen Madabo ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ya rasu, ta rasu, sai jefi-jefi ya ce yana nan. Kafin ya taho ya koya wa wata jikarta yadda za ta adana sauran goron a cikin tulu da jiƙaƙƙen yashi, tun da babu ganyen fita a ƙasar.

Ya dawo Gyadi-Gyadi da turaren Ladi, ya koma zaurensa. Ba su bar haya ba. Gonakin Tarauni suka ci gaba da zama gidaje, filin Unguwa Uku wani direban tanka ya gina shi. Da alhazai suka fara kawo masa goron da za su tafi da shi Jidda, wasu kan ce ya yi musu ɗauri marar nauyi, ai awa biyar ce. Yakan ce ya sani, maƙwabcinsa ya nuna masa a kalanda, sannan ya tambaye su ranar da aka ce su shiga sansanin alhazai da kuma wanda zai riƙe kayan.

Hauwa ta rasu da bazarar da ta biyo baya. Bello ne ya zo da labarin, bayan ya gama da masu huluna da masu turare, ya kuma jira jirgi. Ranar da ya shigo zauren ya faɗa, an riga an yi sadakar arba’in a can. Inuwa ya yi salati, ya tambaya ko goron ya kai ta. Bello ya ce jikar ta ce saura uku a tulun. Inuwa ya gyaɗa kai, ya aika a gaya wa Ladi ta ɗora gumba, ya jawo tabarmar da ke gabansa ya ci gaba da tsinar na Damagaram.